Ƙishirwar Surukai a Dutsen Uhudu

Lawali mai walda ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron tsayi. Abu ɗaya ne ke sanyaya masa gwiwa a duk faɗin Madina, shi ne surukinsa, Malam Ɗanmusa tela na unguwar Harra ta Gabas.

Tsohon ba mugu ba ne. Mutum ne mai magana ɗaya. Yana saurayi ya baro ƙasar Katsina da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana ƙwadago yana ɗinkin hannu a hanya, har Allah ya kawo shi garin Manzo. Da ya zauna bai sake ɗagawa ba. Ranar da ya ba Lawali 'yarsa Innayatu, sharaɗi ɗaya ya kafa a gaban shaidu: ba za a fitar masa da 'ya daga Madina ba. Lawali ya ce ya ji, ya yarda. A ranar nan ko cewa aka yi ya riƙa barci a tsaye, da ya yarda.

To, a kakar shekarar 1982, bayan alhazai sun watse, sharika, wato kamfanin da ke riƙe da iƙamar Lawali, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ce za ta kwashe ma'aikatanta zuwa Yanbu, inda ake gina matatar mai a bakin teku. Ba a nemi ra'ayinsa ba. Wanda iƙamarsa ke hannun wani ba a neman ra'ayinsa. Ranar Asabar mota za ta tashi. Mai iyali za a ba shi gida in ya faɗa kafin tafiya, wanda ya yi shiru kuwa barikin gwauraye za a zuba shi. Ko dai Lawali ya tafi da matarsa, ko ya tafi shi kaɗai ya riƙa ganinta jefi-jefi. Kuma ba mai iya kwance sharaɗin sai wanda ya ƙulla shi.

Innayatu haifaffiyar Madina ce. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar da amsa. Da mijinta ya gama zayyana mata damuwarsa, sai ta ajiye tiren da take gogewa ta ce masa da Larabci, "Ka je ka gaya masa mana. Ubana ne, ba zaki ba ne. Ni dai ina son ganin teku."

"In je in gaya masa? Ni da bakina?"

"Da bakin wa za ka gaya masa?"

Lawali ya girgiza kai. Shi a Gusau ya tashi, kuma a gidansu an koya masa cewa mutum ba ya tsayawa gaban surukinsa da takalmi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya ci ba ya sha a gabansa, balle ya buɗe baki ya nemi a warware magana. Irin wannan sai da ɗan aike. Don haka ya tafi wajen abokinsa Shittu, ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Bazazzage mai ƙiba da zaƙin baki.

Shittu ya saurara yana shafa tumbi. Ya ce, "Kada a same shi a shago. A shago allura ce a bakinsa, kafin ka gama sallama ya ce a'a. Ranar Alhamis ba za a hau Uhudu ba?"

Al'ada ce ta wasu Hausawan unguwar. Duk shekara in zafi ya karye, aka gama cire dabino, sai su ware yini guda su hau dutsen har ƙololuwa, su ci abinci a can su sauko. Malam Ɗanmusa bai taɓa fashi ba.

"A can sama zan ajiye masa maganar," in ji Shittu. "Ga shayi a hannunsa, ga Koren Ƙubba na masallacin Manzo a idonsa. Zuciyar da ba ta yi laushi a wurin nan ba, ba za ta yi a ko'ina ba. Kai dai ka yi shiru ka bar mini."

Shawara ce mai kyau, sai dai abu ɗaya. Shittu bai taɓa hawa abin da ya wuce matakalar ɗakin karatu ba. Ya kamata mutum ya auna jikinsa kafin ya ɗauki alkawari, amma masu zaƙin baki ba kasafai suke yi ba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba suka haɗu a ƙofar gidan tsohon. Iyatu, matarsa, ta aiko da gurasar tamis mai zafi da wake, aka shimfiɗa tabarma aka zauna karyawa. Lawali ya tuɓe takalmansa tun daga bakin lungu, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya koma wajen mota ya ce zai duba igiyar kaya. Igiyar nan lafiyarta ƙalau. Ya yi ta dubawa har aka cinye. Tsohon ma shayi kawai ya riƙe, da ya ga Lawali na iya hango shi sai ya ajiye.

Motar Haladu ce, wata tsohuwar wanet mai buɗaɗɗen baya da yake jigilar kayan miya da ita. Haladu Bakano ne, don haka tun kafin a tashi ya fara tsokanar Shittu.

"Bazazzage, wannan farar jallabiya da takalmi sau-ciki fa? Ɗaurin aure aka ce maka za a yi a saman?"

"Mai ilimi ko'ina da kamalarsa yake tafiya," in ji Shittu.

"Za mu ga wanda zai ɗauko kamalar in ta zauna a hanya. Ni dai bayina kawai nake goyawa in sun nemi gafara."

Na biyar ɗinsu Jumare ne, Bafulatanin Nijar, siriri kamar sanda, mai gadi a Bi'ir Ali. Shi ba ya yawan magana, sai dariya ƙasa-ƙasa.

Suka bar motar a gindin dutsen, bayan sun tsaya sun yi wa shahidai sallama da addu'a. Iska tana da ɗan sanyi, irin wanda mutanen Madina ke jira tun tsakiyar bazara. Dutsen ya miƙe a gabansu jajir, rana ta fara taɓa kansa. Aka raba kaya. Haladu ya ɗauki tukunyar shinkafa da nama a ƙulle cikin zane. Jumare ya ɗauki buta da risho da kayan shayi. Shittu aka ba jakar dabino, don ita ce mafi sauƙi. Lawali ya sunkuci babbar jarkar ruwa, wadda aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi, ya ɗaura ta a baya.

Tsohon ya wuce gaba da sandarsa. Ya waiwayo ya ce, "Lawali, jarkar nan ba ta yi maka nauyi ba?"

Kafin ya rufe baki Lawali ya zame takalmansa ya durƙusa da jarka a baya. "A'a, Baba."

"Sa takalmanka. Nan ba zaure ba ne."

Ya sa. Amma duk lokacin da tsohon ya juyo zai yi magana, ƙafar Lawali sai ta fara zamewa daga takalmi da kanta, har Jumare ya ce masa a hankali, "Ka bari in ɗaure maka su da igiya, kada mu kai sama da yamma."

Hawan farko ya yi daɗi. Hanyar awaki suka bi, tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu da 'yan itatuwan ƙaya. Haladu yana ba da labarin wani Bature, ko Baturke, shi ma bai tabbata ba, da ya sayi kuɓewa a wajensa ya cinye ta ɗanya. Shittu yana bayani a kan tarihin wurin, yana nuna nan yana nuna can, muryarsa na cika kwazazzabo. Sannu a hankali bayanin ya fara gajarta. Can sai ya koma nuni kawai. Daga baya nunin ma ya tsaya.

Suka yada zango a inuwar wani dutse mai kama da rumfa. Lawali ya sauke jarka ya zuba wa kowa. Shittu ya sha har yana zubo masa a gemu. Lawali ya cika moɗa ya durƙusa ya ajiye kusa da tsohon, ya ja da baya.

Tsohon ya dubi moɗar, ya dubi sama. "Ba wa Haladu. Ni da na ratsa Kordofan da bazara, wannan ɗan tudun ne zai sa ni neman ruwa?"

"Allah ya ƙara lafiya, Baba," in ji Haladu, ya shanye.

Jumare ya taɓa Lawali. "Kai fa? Ban ga ka sha ba. Ban ga ka karya ba ma."

"Anjima."

Niyyarsa ya zagaya bayan dutse ya sha inda ba a ganinsa. Yana kai hannu ga moɗa sai tsohon ya miƙe ya ce, "Yalla, rana ba ta jiran kowa." Lawali ya mayar da murfi ya goya jarkarsa.

Ba su kai rabin hawa ba Shittu ya zauna. Bai yi shawara da kowa ba, ƙafafunsa ne suka yanke hukunci. Takalminsa ɗaya ya buɗe baki, farar jallabiyar ta koma ja, numfashinsa kuwa kamar zugazugin maƙera.

"Ku ɗan ba ni lokaci," in ji shi. "Ina nazarin wurin ne."

"Nazarta da kyau," in ji Haladu yana dariya har da riƙe ciki. "Baba, ku wuce. Ni zan tsaya da bawana, in ya gama nazari in turo shi."

Aka cika musu gora daga jarka. Jumare ma ya cika butarsa, ya ce zai riga su kaiwa ya ɗora shayi. Kafin a ce wani abu ya haye kamar akuya, ya ɓace a bayan duwatsu.

Tsohon ya dubi Lawali. "Kai, biyo ni."

Lawali ya waiwayi ɗan aikensa. Shittu ya ɗaga hannu da ƙyar, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna sama. Wato ina zuwa, kada ka ce komai. Lawali ya dubi tumbin da ke hawa da sauka, ya dubi nisan da ya rage.

Haka suka kama hanya su biyu, tsoho a gaba, surukinsa a baya. Sanyin safiya ya gudu. Rana ta hau, dutse ya fara mayar da zafi ta ƙasa. Kakar Madina da safe ne take kaka, da hantsi kuwa sai ta tuna danginta na bazara. Jiƙaƙƙen buhun ya bushe. Duk takun da Lawali ya yi sai ya ji ruwa ya yi ƙulum a bayansa, kamar yana kiran sunansa. Harshensa ya manne da ganɗa. Ya yi tunanin ya ɗan dakata a bar shi a baya ya kurɓa, amma hanyar ta zama siririya, kuma tsohon yana yawan waiwaye, wai don ya ga ko yaron yana biye.

Sai Lawali ya lura tafiyar tsohon ta ragu. Sandar da ɗazu yake kaɗawa, yanzu jingina yake da ita.

"Baba," ya ce idonsa a ƙasa, "ko a zuba ruwa?"

"Ka ji na ce ina jin ƙishirwa?"

Muryar ta fito a bushe, kamar ana yaga tsohon yadi.

Ga manya biyu masu hankali, ga ruwa mai yawa a tsakaninsu, kowa yana ƙonewa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kau da kai. Kunya abu ce mai kyau, kuma wanda ba shi da ita ba a zama da shi. Amma ba inda aka ce mutum ya kashe kansa da ita. Wannan wauta ce, ko a kan dutse mai albarka aka yi ta.

Sun kusa kaiwa, har ana jin ƙanshin rishon Jumare in iska ta juyo, sai Lawali ya ga duwatsun gabansa sun zama biyu-biyu. Ya ga bayan rigar tsohon yana nisa yana matsowa. Ya ce a ransa bari ya ɗan dafa nan. Bai san lokacin da ya zauna ba, bai kuma san lokacin da ya kwanta ba.

Sanyi ne ya farkar da shi. Ruwa na gangara masa ta fuska zuwa wuya. Kansa na kan wani abu mai taushi-taushi, kuma wani yana yi masa fifita. Ya buɗe ido ya ga farin gemu a samansa. Kansa a kan cinyar Malam Ɗanmusa yake, tsohon ya cire hularsa yana kaɗa masa iska da ita.

Lawali ya zabura zai tashi, ƙafarsa na laluben yadda za ta fita daga takalmi.

"Kwanta!"

Ya kwanta.

"Sha." Moɗa ta taɓa leɓensa.

"Baba, ai..."

"Sha na ce. Ko in toshe maka hanci in ɗura maka kamar jariri? Na yi wa matarka, ban manta yadda ake yi ba."

Lawali ya rufe ido ya sha. Aka ƙara, ya sha. Aka zaro dabino daga aljihu aka tura masa a baki, ya tauna. Duwatsu suka koma ɗaya-ɗaya. Ya ja jiki ya zauna ya jingina da dutse, kansa a sunkuye.

"Yaushe rabonka da ruwa?"

"Tun jiya da dare, Baba."

"Abinci fa?"

Lawali ya ƙara sunkuyar da kai.

"Me ya hana ka?"

"Kunya, Baba."

"Kunya. Da ka mirgina ka faɗa kwazazzabon can, me zan je in gaya wa 'yata? In ce mijinki ya mutu da ƙishirwa da jarkar ruwa a bayansa, amma ki yi haƙuri, ya mutu da ladabi? Ƙato da kai, kana narka ƙarfe, ba ka san jikinka ma yana narkewa ba?"

Lawali ya dubi moɗar da ke hannun tsohon. Ya ɗan ɗaga kai, abin da bai taɓa yi ba, ya ga leɓunan tsohon sun tsage sun yi fari. Wataƙila ruwan da ya sha ne ya ba shi ƙarfin hali, wataƙila kuma hankalinsa ne bai gama dawowa ba.

"Baba, kai ma ba ka sha ba."

Tsohon ya zuba masa ido. Wani ƙadangare ya leƙo daga tsaga ya koma. Can sai tsohon ya ce, "Juya bayanka."

Lawali ya juya ya fuskanci dutse. Ya ji an buɗe jarka. Ya ji an cika moɗa. Ya ji maƙogwaro na aiki. Aka sake cikawa. Aka kuma sake. Mutumin da ya ratsa Kordofan da bazara ya sha ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, sannan ya yi hamdala mai tsawo.

"Kada ka juyo," in ji shi. Muryarsa ta dawo. "Haka ma ya fi. Tun asuba nake ganin abokinka yana buɗe baki yana rufewa in ya dube ni. Mai ƙiba irin wannan ba ya hawa dutse don nishaɗi. Akwai magana. Shi ba zai iso yanzu ba. Ga dutse nan a gabanka, gaya masa, ni ina gefe."

Lawali ya dubi jan dutsen da ke gaban hancinsa. Ya ga lallai dutse ba shi da ido. Sai ya fara. Ya faɗi zancen sharika da Yanbu da motar Asabar. Ya faɗi zancen gida da barikin gwauraye. Ya ce bai manta alkawarin da ya ɗauka ba, kuma in Baba ya ce a'a, zai tafi shi kaɗai, ba zai ƙara tayar da maganar ba.

"Ita me ta ce?"

"Ta ce tana son ganin teku."

Tsohon ya yi wani ɗan sauti ta hanci. "Na ji. Tashi mu tafi."

Bai ƙara ko kalma ba. Lawali ya goya jarkar, wadda yanzu ta yi sauƙi sosai, ya bi shi, bai san ko ya gyara ba ne ko ya ɓata.

Da suka fito saman, iska ta tarbe su, mai sanyi, har tana kaɗa riguna. Madina gaba ɗaya ta shimfiɗu a ƙasa: gonakin dabino kore shar, farare da jajayen gidaje, baƙin dutsen harra ta gabas da ta yamma, hasumiyoyin Harami a tsakiya da Koren Ƙubba ƙarami kamar a ɗauka a tafin hannu. Motoci a hanya kamar tururuwa. Jumare ya kafa rishonsa a bayan wani dutse, shayi har ya dahu.

"Kun daɗe," in ji shi. Ya dubi jiƙaƙƙiyar rigar Lawali, ya ɗaga jarkar ya ji nauyinta, ya dubi tsohon. "Jarkar nan tana yoyo ne?"

"Tana yoyo," in ji Malam Ɗanmusa. "Zuba shayi."

Tsohon ya karɓi kofinsa ya je bakin dutse ya zauna shi kaɗai, ya daɗe yana kallon garin. Lawali ya zauna nesa yana kallon bayansa. Aka yi azahar, su uku, tsohon ya ja. Bayan sallama ya ci gaba da zama yana jan carbi.

Sai ga hayaniya daga ƙasa. Haladu ne ya fara bayyana, tukunya a ka, hannu ɗaya yana jan rawani. A ɗaya ƙarshen rawanin Shittu ne, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya an naɗe ta da tsumma.

"Ga kamala na kawo muku!" in ji Haladu. "A hanya ya yi wasiyya sau biyu. Ya bar mini littattafansa, ni da ko fatiha sai da gyara."

Shittu ya zube. Aka ba shi ruwa da shayi. Amma a yaba masa, mutum ne mai cika alkawari. Numfashinsa na dawowa ya gyara abin da ya rage na jallabiyarsa, ya matsa gaban tsohon, ya yi gyaran murya. Ya fara da yabon Allah da salati. Ya shiga falalar zumunci. Ya ratsa ta haƙƙin miji da na mata, ya kawo misalin magabata da suka bar garuruwansu don neman halal. Lawali yana ta yi masa alama da ido, shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya ƙara murya.

Tsohon ya bar shi ya yi nisa. Sannan ya ɗaga hannu. "Malam Shittu, Yanbu za ka, ko sai ka biya ta Bagadaza?"

Bakin Shittu ya tsaya a buɗe.

"An riga ka. Mai maganar ya faɗa da bakinsa." Ya juya wajen garin ya nuna da carbi. "Kun ga wancan? Shekaru na yi ina tafiya kafin in gan shi. Waɗanda muka taso tare, wasu a hanya muka binne su. Shi ya sa da aka haifa mini 'ya a nan na ce ba mai fitar da ita. Ban ce na yi kuskure ba."

Ba wanda ya motsa.

"Amma yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ga mutum yana ɗauke da ruwa ƙishirwa ta kayar da shi. Irin wannan in aka tura shi bakin teku shi kaɗai, wa zai riƙa ce masa ya ci, wa zai ce masa ya sha? Gawarsa za a kawo mini. Ya tafi da ita. Gida yana bukatar mai hankali ko da guda ɗaya ne."

Haladu ya yi kabbara har ta amsa a kwazazzabo. Jumare ya rufe baki yana dariya. Lawali ya zame takalmansa ya durƙusa, wannan karon ba wanda ya hana shi.

"Ban gama ba. Azumi a nan za ta yi shi. In haihuwa ta zo, a ɗakin uwarta. Kuma duk ranar da ta ce ta gaji da teku, ka sa ta a mota."

"Na ji, Baba. Na yarda."

"Kai kullum ka ji ka yarda. Wannan karon ka yi tunani tukuna."

Lawali ya yi shiru na ɗan lokaci, don a ga ya yi tunani. "Na yarda, Baba."

Shittu ya dubi ƙafarsa mai tsumma. "Wato duk hawan nan da na yi..."

"Ladanka na nan," in ji Haladu. "Saukar ma akwai lada. Matso ka ci shinkafa."

Aka kwance tukunya, ƙanshi ya tashi. Lawali ya ɗebi nasa a murfi, ya tsaya yana waige-waige. Tsohon ya nuna masa wani dutse da haɓa. "Abinci kam, zagaya can. Ruwa na ce, ban ce a zubar da kunyar duka ba."

Lawali ya zagaya ya zauna inda ba a ganinsa, Madina a gabansa, ya ci shinkafar Iyatu har ya suɗe murfin. Daga ɗaya gefen yana jin Haladu na cewa Shittu ya rage loma, kada rawanin ya tsinke a gangara.

Saukowa ta fi hawa wuya ga gwiwa, amma da raha aka yi ta. A kowane zango tsohon yakan ce, "Lawali, duba mini hanyar can," Lawali ya juya baya yana duba hanya har sai ya ji an rufe jarka. Sannan tsohon ya tashi ya yi gaba ba waiwaye, ya bar moɗa a cike a kan dutse. Suka iso mota rana ta yi ja.

Ranar Asabar da hantsi motar sharika ta tsaya a bakin lungu. Iyatu ta cika ta da ƙullin kuka da daddawa da nasiha. Malam Ɗanmusa bai fito rakiya ba, ya ce yana da ɗinkin mutane. Sai da Innayatu ta shiga shago yi masa sallama ya jawo wani abu daga ƙarƙashin keke ya miƙa mata. Gorar ruwa ce, ya ɗinka mata riga da ragowar yadi mai kauri, har da maɗauri na ratayawa a kafaɗa.

"Ta mijinki ce," in ji shi, allura a bakinsa. "Ki riƙa tuna masa abin da ake yi da ita."